Darasin Wannan Wata: Zawon Korona A Garke Da Cikin Gida

Karatu kafin a fara: Karin Magana 27:23-27, da Maimaitawar Shari'a 23:12-14. Shugaban ƙungiya ya sa mutum biyu su karanta da ƙarfi, sa'an nan a shiga darasi.

'Yan'uwa manoma, idan aka ambaci korona, yawancinmu sai mu tuna da shekarar 2020, lokacin da aka rufe majami'u da kasuwanni, aka ce kowa ya rufe hanci da baki. Saboda haka muka ɗauka cewa korona ciwon tari ce da sarƙewar numfashi kaɗai, kuma baƙuwa ce. Likitocin dabbobi kuwa sun san danginta tun kafin a haifi da yawa daga cikinmu, kuma sun san ɓarnar da take yi a cikin hanji.

Korona ba sunan cuta ɗaya ba ne. Sunan dangi ne, kamar yadda muke cewa hatsi alhali kuwa akwai gero da dawa da maiwa. Akwai koronar kaji, akwai ta aladu, akwai ta shanu, akwai ta raƙuma, akwai ta mutane. A shekarar 1968 ne masana suka sa wa dangin wannan suna, domin idan an duba ƙwayar a madubin likita mai ƙarfi ana ganin ƙayoyi kewaye da ita kamar rawanin sarauta. Kowace tana da dabbar da ta saba da ita. Wadda ke sa maraƙi zawo ba ita ce ta rufe mana majami'u ba, allurar da aka yi wa mutane kuma ba ta da amfani ga maraƙi. Amma aikin da suke yi a hanji kusan iri ɗaya ne, shi ya sa muka haɗa su a darasi guda.

Abin da take yi wa hanji

Wanda ya taɓa wanke hanjin akuya ranar Kirsimeti, ya juya cikinsa waje, ya ga yana da laushi kamar karammiski. Wannan laushi wasu 'yan tsirai ne ƙanana ƙwarai, dubbai bisa dubbai, suna tsaye a jikin hanji. Su ne ke tsotse nono da ruwa da gishiri su kai cikin jini. Ku kwatanta su da kunyoyi a gona. Gonar da aka yi wa kunya takan riƙe ruwan sama har ƙasa ta sha. Wadda aka bari a baje kuwa, ruwa sai ya bi ta kanta ya wuce, har ya kwashe taki ya tafi da shi.

Ƙwayar korona takan shiga ta baki, ta sauka a kan waɗannan tsirai, ta hayayyafa a ciki, ta kashe fatar da ke kansu. Sai su guntule. Nonon da ɗan dabba ya sha ba ya narkewa, yana zaune a hanji yana jawo ruwa daga jiki, sa'an nan duka su fita tare. Ga maraƙi yana shan nono, amma kamar ana zuba ruwa a kwando.

A nan ne babbar maganar darasinmu take. Hanji yakan gyara kansa. Tsiran nan sukan sake tsirowa, jiki kuma yakan kori ƙwayar da kansa bayan 'yan kwanaki. Abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwa da gishiri a jiki kafin gyaran ya gama. Ɗan alade sabon haihuwa yana bukatar kwana 7 zuwa 10 kafin fatar hanjinsa ta sabunta, wanda ya yi mako uku kuwa kwana 2 zuwa 4 sun ishe shi. Shi ya sa cuta ɗaya za ta shiga ɗakin aladu, manya su yi zawo na 'yan kwanaki su tashi, ƙanana kuwa su mutu kusan duka. Aikin mai kiwo, da aikin uwa a gida, shi ne a riƙe mai ciwo da ruwa har hanjinsa ya farfaɗo.

Ku lura da wannan kuma. Korona bairos ce, watau irin ƙwayar cutar da kafso da allurar kashe bakteriya ba sa taɓawa. Mutum ya sayi Terramycin ko Flagyl a kasuwa ya ɗura wa maraƙi ko yaro, ya ga ya yi iyakar ƙoƙarinsa, alhali kuwa ruwan da ake bukata bai shiga ba. Kuɗin ƙungiyoyinmu da yawa sun tafi ta wannan hanya. Akwai lokacin da waɗannan magunguna ke da amfani, amma malamin dabbobi ko malamin asibiti ne zai faɗa.

Abin da masu aladu na ƙasashen waje suka gani

A shekarar 1946 likitoci biyu, Doyle da Hutchings, suka bayyana wata cutar amai da zawo ta 'ya'yan aladu a jihar Indiyana ta Amurka. Daga baya aka gane koronar aladu ce. A 1971 wata mai kama da ita ta ɓulla a Ingila, aka gano ƙwayarta a Beljiyam a 1978. Ita wannan ta biyun ta shiga Amurka a 2013, cikin shekara guda ta kashe 'ya'yan aladu wajen miliyan 7. Manoman nan suna da kuɗi, suna da likitoci, suna da magunguna iri-iri, duk da haka ba su da maganin da zai kashe ƙwayar. Da aka bi sawu, sai aka ga kashin alade kaɗan da ya manne a takalmi, ko a motar da ta kai aladu mayanka ta dawo, ya isa ya kai cutar wata gona. Abin da ya taimake su shi ne wanke motoci da takalma, da hana baƙi shiga ɗakunan aladu, da kula da nonon uwa.

Mun kawo labarinsu domin hanyar da cutar ta bi a can muna da irinta a nan. Mukan yi aron namijin alade daga gida zuwa gida. Mukan sayo alade a kasuwa mu zuba shi cikin namu ran nan. Dillali yakan zaga gida biyar da takalmi ɗaya. Zawon 'ya'yan aladu a wurinmu yana da dalilai da yawa, amma kusan dukansu ta kashi suke yaɗuwa, kuma tsaro ɗaya ne. Sabon alade, ko wanda ya dawo daga aro, a ware shi wajen mako 4 kafin a haɗa. Mai sayen alade ya tsaya a waje a fito masa da shi. 'Ya'yan da suka kamu a sa musu ciyawa busasshiya mai yawa, a tare musu iska, musamman da hunturu, gama sanyi na gama da su da sauri. A ajiye musu ruwan gishiri da gulukos a faranti marar zurfi, a bar su su ci gaba da shan nonon uwa.

Amma idan kuka ga manyan aladu ne ke mutuwa, da zazzaɓi mai zafi, kunnuwa da ciki sun yi ja, wannan ba zancen korona ba ne. Yana iya zama zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya yi mana ɓarna tun daga 1997. Kada a yanka a sayar, kada a kai kasuwa. A gaya wa malamin dabbobi nan da nan.

Maraƙi

Ga mu masu shanun noma da 'yan shanun tatsa, koronar shanu ce ta fi kusa da mu. Likita Mebus da abokan aikinsa ne suka gano ta a maruƙa a jihar Nebraska ta Amurka, wajen 1972, kuma yanzu an san tana nan a ko'ina ake kiwon shanu. Ta fi kama maraƙi daga kwana 5 zuwa wata ɗaya da haihuwa. Kashin yakan zama ruwa-ruwa, rawaya, wani lokaci da majina ko guntayen nono da bai narke ba. Manyan shanu sukan ɗauke ta ba tare da alama ba, su zubar da ita a kashi, maraƙi kuma ya lasa daga ƙasa ko daga hantsar uwa mai datti.

Da ido ba za a iya rabe ta da sauran masu kawo zawon maruƙa ba, irin su rota da wasu ƙananan ƙwayoyi, sau da yawa ma tare suke zuwa. Sai an kai kashin ɗakin bincike, irin na cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, ta hannun malamin dabbobi. Amma kada mai maraƙi ya zauna jiran suna. Abin da zai yi a ranar farko ɗaya ne, ko wace ce.

Da fari a duba yawan ruwan da ya fita. A kama fatar wuya a ja ta, a saki. Idan ta koma nan take, da sauran ƙarfi. Idan ta tsaya kamar tanti kafin ta koma, ruwa ya ragu sosai. A duba ido ko ya faɗa ciki. A taɓa kunne da cikin baki ko sun yi sanyi. Sa'an nan a sa yatsa mai tsabta a bakinsa. Maraƙin da ke tsotson yatsa za a iya cetonsa a gida. Wanda ya kwanta, ba ya tsotso, ba ya ɗaga kai, ruwa ta jijiya yake bukata, sai malamin dabbobi. Kada a ɗaga kansa a ɗura masa da kwalba da ƙarfi, domin ruwan zai bi ta huhu ya kashe shi tun kafin zawon ya kashe shi.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Hanjin ƙaramin maraƙi ba ya iya narkar da sukarin da muke sa wa a shayi. Haka ma ɗan alade a makonsa na farko. Idan aka haɗa musu ruwan gishiri da sukari irin na yara, zawon ƙaruwa zai yi. Gulukos suke bukata, garin nan da ake sayarwa a gwangwani a kantin magani. Mafi kyau shi ne garin da malaman dabbobi ke sayarwa musamman domin maruƙa, gama yana da abin da ke gyara tsamin da zawo ke sa wa jini. In babu, ƙunshin garin ORS na asibiti ya yi, domin gulukos ne a cikinsa. In shi ma babu, a cikin ruwa mai tsabta lita 1 a sa gishiri ƙaramin cokali 1 a shafe, da gulukos babban cokali 2 a shafe. Wannan ma'auni na maraƙi ne kaɗai. Gishirinsa ya yi wa yaro yawa, kada a ba ɗan mutum.

Maraƙi irin namu na gida a ba shi lita 1 zuwa 1 da rabi, da ɗumi-ɗumi, sau 2 ko 3 a rana, a tsakanin lokutan shan nono. Kada a hana shi uwarsa. A dā ana koya wa mutane su janye nono kwana biyu, amma an gane yunwa ce kawai ake ƙara masa, hanji kuma da nono yake gina kansa. A ajiye masa ruwan sha zalla kusa. A ware shi da uwarsa a wuri busasshe mai inuwa, nesa da sauran maruƙa.

Tsaro kuwa tun ranar haihuwa yake farawa. Ana haihuwar maraƙi ba shi da kariya ko kaɗan a jininsa, sai abin da ya samu daga dakashi, watau nonon farko mai kauri. Hanjinsa a buɗe yake ya karɓi wannan kariya a sa'o'in farko, yana rufewa a hankali, bayan sa'a 24 kuwa ƙofa ta rufe. Tilas ya sha cikin sa'a 6 na farko, ya kuma sha da yawa, wajen kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, watau kamar lita 2 ga maraƙin da ya kai kilo 20. Idan saniya ta haihu da dare, maraƙi bai tashi ba, kada a ce sai gari ya waye. A tatsa a ba shi. Mai gidan da ya tatse dakashi ya zubar, ko ya matse wa maraƙi nono a makonnin farko domin a samu na sayarwa, bijimin nomansa na shekara uku masu zuwa yake sayarwa da araha. A sauya wa saniya mai ciki turke zuwa wuri mai tsabta kafin ta haihu. Rana da bushewa da sabulu da ruwan bilic duk suna kashe korona, danshi da sanyi kuwa suna raya ta.

Wanda ya yi jinyar maraƙi ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci ko yaro. Wasu daga cikin ƙwayoyin da ke tafiya tare da korona a kashin maraƙi suna kama mutum. Kada a ba ƙananan yara wannan aiki.

A cikin gida

Yanzu mu koma kan mutane. Koronar da ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019 ta iso Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020, ta Legas. A watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kanta, amma ƙwayar ba ta tafi ba, tana nan tana zagawa kamar mura. Ƙofar da take bi ta shiga huhu, akwai irinta da yawa a jikin hanji. Saboda haka wajen mutum ɗaya cikin goma na waɗanda suka kamu sukan yi zawo, wasu da tashin zuciya, ko amai, ko ciwon ciki, ko rashin son abinci. Wani ma zawon ne ke fara zuwa kafin tari. An kuma sami alamar ƙwayar a bayan gidan kusan rabin masu ciwon, har makonni bayan tari ya tafi. Ga yawancin mutane zawon ba mai tsanani ba ne, kwana kaɗan yake yi. Wasu kuwa cikinsu yakan daɗe bai daidaita ba, har watanni. Tsofaffi, da masu ciwon sukari, da masu hawan jini su ne abin tsoro, domin ƙodarsu ba ta jure rashin ruwa.

Gaskiya ita ce, zawon da ke damun yaranmu a ƙauye yawancinsa ba korona ba ce. Rota da ƙazamin ruwa sun fi ta ɓarna nesa ba kusa ba. Tun watan Agusta 2022 aka sa rigakafin rota cikin rigakafin jarirai a Nijeriya, ana ɗiga shi a baki, sai iyaye mata su tambaya a ɗakin magani. Amma ko wace ƙwaya ce, jinya ɗaya ce.

A narkar da ƙunshin ORS a cikin yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa, ruwan kuma dafaffe wanda ya huce. In babu, a lita 1 a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Shi mutum hanjinsa na narkar da sukarin shayi, ba kamar maraƙi ba. Sukarin nan ba domin daɗi aka sa shi ba. Shi ne ke jan gishiri ya ratsa hanji, ruwa kuma ya bi gishiri. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijira na yaƙin Bangaladash, ruwan ƙarin jijiya ya ƙare ana tsakiyar annobar kwalara. Likita Dilip Mahalanabis ya sa dangin marasa lafiya suka riƙa ba su wannan haɗi da kofi. Mutuwa ta sauko daga wajen 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4 cikin 100.

Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, da cokali, a hankali. Daga shekara 2 zuwa 10, rabin kofi zuwa kofi ɗaya. Babba ya sha iyakar yadda yake so. Idan yaro ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Abin da ya kwana a zubar a haɗa sabo. A ba yaro ƙwayar zinki kullum har kwana 10 zuwa 14, miligiram 20, jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa miligiram 10. Kada a tsaya da ita don zawo ya tsaya. A ci gaba da ba da mama, da kunu, da fate, da ayaba. Maganin tsayar da zawo ba na yara ba ne.

A kai asibiti ba tare da jinkiri ba idan mai ciwo ya kasa sha, ko yana amayar da kome, ko ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko akwai jini a bayan gida, ko numfashi ya yi wuya, ko hankali ya fara gushewa. Zawo mai yawa fari kamar ruwan shinkafa alamar kwalara ce, tana kisa cikin sa'o'i, a riƙa ba da ruwan nan a hanya. Akwai kuma wani abu da aka gani tun 2020, ko da yake ba shi da yawa: yaro ya yi korona marar zafi, bayan mako 2 zuwa 6 sai zazzaɓi ya kama shi kwana da kwanaki, da ciwon ciki mai tsanani, da zawo, da jan ido, da ƙuraje. Wannan na babban asibiti ne, domin yakan taɓa zuciya.

Zancen salga

A 2003 wata korona da ake kira SARS ta shiga wata unguwar benaye a Hong Kong mai suna Amoy Gardens. Wani mai ciwon ya kai ziyara, yana zawo, ya yi amfani da bayan gida. Bututun ƙazanta na ginin yana da lahani, sai tururin ƙazantar ya bi ta magudanai ya shiga ɗakunan wanka na maƙwabta. Mutum fiye da 300 suka kamu, 42 suka mutu. Birni ne mai arziki, amma ƙazantar mutum ɗaya da ba a killace ta daidai ba ta ishe su.

Karatunmu na biyu ya nuna an umarci Isra'ilawa su keɓe wuri a bayan zango, kowa ya haƙa rami ya rufe abin da ya fita daga cikinsa, kuma an haɗa wannan da tsarkin zangon. Mu da muke karanta wannan, bai kamata a sami majami'a mai ɗaukar mutum ɗari biyu ba ta da salga ba. Salga ta kasance ƙasa da rijiya, ba sama da ita ba, da nisan mita 30 ko fiye, da murfi, da ruwa da sabulu ko toka a bakin ƙofa. Kashin jariri ma a zuba shi a salga. Mutane sukan ce ba shi da kome, alhali ya fi na babba ƙwayoyin cuta. Turken shanu da ɗakin aladu su ma kada ruwansu ya gangara wajen rijiya da damina.

Kafin a tashi daga taron wannan wata, sai ƙungiya ta tattauna ta yanke shawara. Maruƙa nawa da 'ya'yan aladu nawa suka mutu mana da zawo bara, kuma a wane wata? Wa zai riƙe wa ƙungiya ƙunshin ORS da zinki da gwangwanin gulukos, wanda za a iya buga wa ƙofa da tsakar dare? Namijin aladen ƙungiya, ina za a ware shi idan ya dawo daga aro? Magatakarda ya rubuta amsoshin. A taro mai zuwa kowane gida ya zo da ƙaramin cokali da kwalba ko kwano mai cin lita 1, a gayyaci Zumuntar Mata, a haɗa na yaro a haɗa na maraƙi a gaban kowa, a kwano dabam-dabam.